Haɗin gwiwa da 'yan kasuwa kan ruwan famfo: me ke ɗorar da shi, me ke rusa shi?

Magidancin da ke zaune a Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ya san lissafin ruwa fiye da yadda ake zato. Mai garuwa yakan turo kura da jarkoki goma sha biyu ko sha huɗu, kowace tana cin lita 25. Jarka arba'in ke cika lita 1,000, wato kubik mita ɗaya, ma'aunin da hukumomin ruwa ke sayarwa da shi. Idan an sayi jarka naira 100, an sayi kubik mita ɗaya naira 4,000 ke nan, kuma da bazara, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, kuɗin kan haura. Gida mai mutum goma, ko da lita 20 kowa zai taɓa a rana don sha da girki da alwala da wanka, sai ya sayi jarka takwas kullum.

Ashe ke nan 'yan kasuwa sun daɗe da shiga harkar ruwan Kano: mai burtsatse, mai tanka, mai kura, mai ruwan leda. Talaka kuwa shi ke biyan farashi mafi tsada. Abin da ake ja-in-ja a kai duk lokacin da maganar haɗin gwiwa ta taso shi ne famfon kansa, wato matatun ruwa da manyan bututu da mita da takardar biya. An gwada wannan a birane da dama tun daga shekarun 1990. Wasu sun ci riba, wasu sun ƙare a kotu, wani ma sai da aka zubar da jini. Wanda ya bi diddiginsu zai ga abin da ya raba su bai wuce tambaya ɗaya ba: wace asara aka ɗora wa wa, kuma wanda aka ɗora wa yana da ikon hana ta?

Mai Adaidaita Sahu zai gane tsarin nan take. Akwai mai mashin da ke ɗaukar direba a kan albashi, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Wannan ita ce kwangilar gudanarwa, shekara uku zuwa biyar: kamfani ya kawo manajoji, gwamnati ta biya shi, kaya da ciniki duk na gwamnati. Akwai mai ba da mashin a kan balas, direba ya sayi mai, ya yi faci da ƙananan gyare-gyare, abin da ya ragu nasa ne, amma in inji ya buga mai mashin ne zai sauke. Wannan ita ce haya, shekara goma zuwa goma sha biyar. Sai kuma damƙawa gaba ɗaya, shekara 25 zuwa 30, inda kamfani zai ciwo bashi, ya shimfiɗa bututu, ya gina matata, ya mayar da kuɗinsa daga aljihun masu shan ruwa. Akwai ta huɗu da gwamnatoci ke so saboda ana yanke mata kyalle a gaban kyamara: kamfani ya gina matata ɗaya, ya sayar wa hukuma ruwa a dunƙule, da sharaɗin za a biya shi ko an ɗauki ruwan ko ba a ɗauka ba.

Kafin a zaɓi ɗaya, sai an san inda ciwon yake. Kano ba ta rasa matatu ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa daga Challawa. Madatsar Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina, wadda aka kammala a 1974, ita ke ciyar da Kogin Kano inda matatar Tamburawa ke ɗiba. An kammala madatsar Challawa Gorge a 1992. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau an gina sabuwar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, da matatar Watari mai lita miliyan 75. Amma ƙarfin da aka rubuta a takarda daban, abin da ke fita daga matata daban, abin da ke isa famfon gida daban, abin da aka karɓi kuɗinsa kuma daban. A tsakanin waɗannan huɗun hukumar ruwa ke rayuwa ko ta durƙushe.

A ɗauki misali don a ga yadda abin ke zaizayewa. An tace lita 100. Arba'in sun tsiyaye ta fasassun bututu da haɗin sata da mitocin da suka daina juyawa. Saura 60 aka rubuta wa takarda. Cikin masu takardar rabi ne suka biya. Kuɗin lita 30 ke nan zai sayi alam da kulorin na lita 100, ya biya wutar lita 100, ya biya albashi. Ko wane ne ke riƙe da hukumar, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, wannan lissafi ba zai tashi ba. Shi ya sa sabuwar matata a kan tsohon bututu ɗiban ruwa ne da kwando. In kuma an sa hannu a kan sharaɗin biya ko ba a ɗauka ba, jihar za ta riƙa biyan cikakken kuɗin ruwan da kusan rabinsa ke malala a kwata.

Abu na farko da ke kashe irin wannan yarjejeniya shi ne sa hannu a cikin duhu. A Darussalam ta Tanzaniya, a watan Agustan 2003, an ba kamfanin City Water, wanda Biwater na Ingila ke jagoranta, hayar ruwan birnin ta shekara goma. Shi kaɗai ya kai ƙarshen neman kwangilar. Da ya shiga sai ya tarar rajistar masu biya a hargitse take, mita ba su wadata ba, kuma hasashen kuɗin shigar da ya gina tayinsa a kai ya yi nesa da gaskiya. Ya nemi a sake zama a kan sharuɗɗa, ba a daidaita ba, gwamnati ta soke kwangilar a Mayun 2005. Shari'ar ta kai kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya, wadda ta yanke hukunci a 2008 ba tare da ba kamfanin diyya ba. Kwangilar ba ta cika shekara biyu ba, kowa ya tashi a tutar babu.

Darasin ga Kano a fili yake. Kafin a kira kowa, a kashe aƙalla shekara guda ana awo. A sa babbar mita a bakin kowace matata da kowane tankin ajiya, irin na Goron Dutse. A bi gida-gida a ƙirga haɗi, halattacce da na sata. A zana taswirar bututu: faɗinsa, irinsa, shekarunsa, da inda kwalta ko gini ya hau kansa. A fitar da bashin da ake bin hukuma da wanda take bi. Kamfanin da ya yarda ya yi alkawarin rage asara alhali ba a san asarar nawa ba ce, ko bai san aikin ba, ko kuma ya shirya dawowa neman ƙari bayan an sa hannu.

Na biyu shi ne bashin dala da cinikin naira. A 1997 an raba ruwan Manila, babban birnin Filifin, gida biyu na shekara 25. Gabas aka ba Manila Water, yamma aka ba Maynilad. Yamman aka ɗora wa kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon bashin hukumar, mafi yawansa na kuɗin waje. A shekarar ce rikicin kuɗi ya afka wa ƙasashen Asiya, darajar peso, kuɗin Filifin, ta faɗi, bashin ya kumbura, Maynilad ya durƙushe har sai da aka sake sayar da shi a 2007. Gabas kuwa, mai ƙaramin kaya, ya sauko da asarar ruwa daga kashi 63 zuwa ƙasa da 15. Birni ɗaya, doka ɗaya, shekara ɗaya, sakamako biyu. Haka kwangilar Buenos Aires ta 1993 ta watse a 2006 bayan kuɗin Ajantina ya karye a 2002. Mu a nan ba ma bukatar a ba mu labari. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023, a 2024 ta haura 1,500. Injinan turo ruwa, mitoci, kayan gyara da wani ɓangare na sinadarai duk da dala ake shigo da su, mai shan ruwa a Fagge kuwa naira yake samu. Kamfani ba shi da ikon tsayar da darajar naira, saboda haka ɗora masa bashin waje na shekara 25 shuka rigima ce da za a girbe daga baya.

Wuta ma haka take, kuma a Kano ita ce babbar jijiya. Ruwan birnin ba gangarowa yake da kansa ba, tura shi ake yi daga bakin kogi. Ɗaga kubik mita ɗaya zuwa tsawon mita 100 yana cin kusan kilowat-awa 0.4 idan injin na da lafiya. Matata mai lita miliyan 150 a irin wannan tsawo za ta sha kilowat-awa 60,000 a rana. In da za a biya a farashin naira 225 kan kowane kilowat-awa da aka sanya wa rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024, naira miliyan 13 da rabi ke nan kullum, kafin a sayi buhun alam ɗaya. In aka koma janareta da dizal, kuɗin ya ninka. Kwangilar da ba ta faɗi ƙarara wa zai samar da keɓaɓɓen layin wuta ba, wa zai biya bambanci idan farashi ya tashi, da yadda za a lissafa awannin da aka ɗauke wuta wajen auna ƙwazon kamfani, ta bar ƙofar musu a buɗe. Haka ɗanyen ruwan: Tiga da Challawa Gorge suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya, kuma manoman rani na Kadawa na jiran ruwan nan. Ga masu haƙar yashi da ke zurfafa gadon kogi har ruwa ya sauka ƙasa da bakin bututun ɗiba, ga dagwalon masana'antun fata. Duk waɗannan sai gwamnati, ɗan kasuwa ba zai iya ba.

Na uku shi ne tsadar farat ɗaya da taɓa abin da mutane suka gina da guminsu. A Kocabamba ta Bolibiya an ba kamfanin Aguas del Tunari kwangilar shekara 40 a 1999. Kafin jama'a su ga wani canji a famfo sai kuɗin ruwa ya tashi, aka kuma yi dokar da ta sa mutane fargabar cewa rijiyoyin da unguwanni suka haƙa da kuɗinsu za su koma ƙarƙashin kamfanin. Gari ya rikice, an rasa rai, aka soke kwangilar a Afrilun 2000. A Kano, duk sharaɗin da zai ba kamfani ikon shi kaɗai ya sayar da ruwa a unguwar da bai kai bututu ba tukuna, ya taɓa burtsatsen masallaci da na sadaka da abincin dubban 'yan garuwa. Dokar haƙa burtsatse abu ce mai kyau, domin birnin yana kan dutse ne, ruwan ƙarƙashin ƙasarsa ba shi da yawa. Amma ruwa ya fara zuwa tukuna, sannan ƙarin kuɗi da ƙa'ida su biyo baya.

Ita kuwa kwangilar gudanarwa, laifinta sanyi. Gana ta ba kamfanin Aqua Vitens Rand aikin daga 2006 zuwa 2011. Kuɗin manyan ayyuka da shawarar zuba jari sun kasance a hannun kamfanin gwamnati, asarar ruwa ba ta sauka yadda aka yi alkawari ba, aka ƙi sabunta kwangilar. An ba mutum linzami, an riƙe dokin.

To ina abin ya yi kyau? Misalin da ya fi kusa da halinmu yana Senegal. A 1996 aka raba aikin gida biyu. SONES, kamfanin gwamnati, ya riƙe kadarori, shi ke ciwo bashi mai sauƙi mai dogon zango, shi ke gina matatu da manyan layuka. SDE, ɗan kasuwa, ya karɓi hayar gudanarwa: tacewa, rarrabawa, gyara, karanta mita, karɓar kuɗi. Ana biyansa farashin da ya yi tayi a kan kowane kubik mita, amma an ɗaure ladan da ma'auni biyu, yawan ruwan da bai ɓace a hanya ba da yawan kuɗin da aka karɓo. Ya gaza ma'auni, aljihunsa ya ji. Gwamnati ce ke yanke kuɗin ruwa, ta kuma riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan kowace shekara bisa lissafi ɗaya da dukkan ɓangarori ke gani, har harkar ta fara ɗaukar nauyin kanta a 2003. An yi wa gidajen talakawa haɗin famfo da tallafi. Asarar ruwa ta sauka daga wajen kashi 30 zuwa wajen 20. Da wa'adi ya ƙare aka sake buɗe takara, wani sabon kamfani, SEN'EAU, ya karɓa a Janairun 2020, famfo bai tsaya ba. Nijar ta ɗauki irin wannan tsari a 2001, SPEN, kamfanin gwamnati, na riƙe da kadara, SEEN, ɗan kasuwa, na gudanarwa, har da Maraɗi da Damagaram da 'yan kasuwar Kano ke zuwa kullum. Ya yi sama da shekara ashirin kafin gwamnati ta mayar da gudanarwar hannunta a ƙarshen 2023.

Adalci ne kuma a faɗi cewa akwai hukumomin gwamnati zalla da suka gyaru ba tare da an miƙa su ga kowa ba, kamar ta Phnom Penh a Kambodiya da ta Yuganda. Abin da suka yi tarayya da Senegal shi ne mita, karɓar kuɗi daga kowa har da manya, da barin masu aiki su yi aikinsu.

Idan Kano za ta shiga, ra'ayinmu shi ne ta fara da ƙarami, inda za a iya aunawa. A keɓe yanki mai haɗi 1,000 zuwa 3,000, a rufe bawul-bawul ɗin da ke haɗa shi da maƙwabta, a bar masa mashiga ɗaya mai babbar mita. Idan ruwa na tsayawa dare da rana, a karanta mitar tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, lokacin da gari ya yi barci. Mafi yawan abin da ke wucewa a wannan lokaci yoyo ne. A ba kamfani yankin, a biya shi bisa kowace lita da ya ceto da kowace naira da ya ƙara karɓowa. Yanki ya tsaya da ƙafarsa, a matsa na gaba. Kuma burin farko ya zama ruwa awa 24 a ƙaramin yanki, maimakon awa biyu a ko'ina. Ba don jin daɗi kaɗai ba: bututun da ya bushe yana zuƙo ruwan kwata ta wuraren da ya tsage, musamman siraran layukan roba da ke ratsa magudanai a cikin Birni, nan ne kwalara da taifot ke samun hanya. Iskar da ke gaba da ruwa idan an sako shi tana juya mita, magidanci ya biya kuɗin iska, ya daina yarda da takarda. Masu hali kuma su jona injin zuƙa kai tsaye a kan layi, na ƙarshen lungu ya tashi ba ko ɗigo.

Tsarin farashi ma yana da tarkon da ya shafe mu musamman. An saba a sa kubik mita na farko-farko a wata da araha, abin da ya haura ya yi tsada, da niyyar a tausaya wa talaka. Amma gidan gado a Yakasai ko gidan haya a Brigade mai ɗaki goma sha biyar mita ɗaya gare shi. Cikin mako guda zai cinye kason arahar, ya koma biyan farashin masu lambun fulawa. Maganinsa a rubuta yawan iyalan da ke cikin gida a rajista a ninka musu kason, ko a raba mita. 'Yan garuwa kuwa a ba su wuraren ɗiba masu mita a farashin sari, a rubuta farashin jarka a jikin allo. An yi irin wannan a Kisumu ta Kenya da unguwannin bayan gari na Wagadugu, inda hukuma ke sayar wa ƙananan 'yan kasuwa ruwa a dunƙule su rarraba.

Sai babban abin da ba a son faɗa: a ƙasashe da yawa gwamnati ce kan gaba wajen ƙin biyan kuɗin ruwa. Ma'aikatu, asibitoci, makarantu, barikoki. Kamfani ba zai yanke wa asibiti ruwa ba, bai ma kamata ba. Don haka a rubuta cewa za a cire kuɗinsu kai tsaye daga kasafi kowane wata zuwa keɓaɓɓen asusu. Masallatai da Islamiyyu ma a sa musu mita, in gwamnati ta ga dama ta biya musu, amma a san adadin.

Dole kuma a samu alƙali tsakani. Kwangila shekara goma ce ko fiye, wa'adin gwamna huɗu ne, kuma mun sha ganin sabuwar gwamnati ta juya wa aikin wadda ta gada baya. Hukumar sa ido da Majalisar Dokokin jiha ta kafa da doka, mai wa'adin da ba a tsige shugabanninta da sanarwar rediyo, ita za ta riƙe ƙa'idar sauya farashi: kaza na wuta, kaza na sinadarai, kaza na albashi, ana dubawa a lokacin da aka ƙayyade. Ita za ta ɗebi ruwa a famfon ƙarshen layi ta auna, ta tabbatar ragowar kulorin bai gaza miligiram 0.2 a lita ba, ta buga sakamakon unguwa-unguwa. Ma'aikatan hukumar ruwa kuma a zauna da ƙungiyarsu tun farko a kan fansho da haƙƙoƙin da suka taru, domin tsohon mai gyaran da ya san inda kowane bawul yake binne a Ƙofar Mata ya fi kowace taswira.

Shafin da aka fi tsallakewa wajen karatu shi ne na rabuwa, alhali shi ke hana zuwa kotun ƙasashen waje. A rubuta laifin da zai sa a soke, kwana nawa za a ba mai laifi ya gyara, yadda za a lissafa abin da kowa zai biya, da halin da injuna za su kasance ranar miƙawa. A riƙe wani kaso na ladan shekaru biyun ƙarshe har sai injiniya mai zaman kansa ya duba ya sa hannu, saboda mai haya da ya san zai tafi yakan daina zuba wa inji mai. Rajistar masu biya, taswirar bututu da manhajar lissafi su zama mallakar jihar Kano tun ranar farko, kuma a ajiye kwafinsu a ofishin hukumar kowane wata.